Fuskar Mai Shaidar Zur

Lenaert Bollaert ya haura shekara arba'in bai taɓa sa sunansa a ƙasan wani hoto ba. A shagon zanen hotuna na Maigida Huybrecht, can bayan kasuwar Juma'a ta birnin Antwerpen, kowa da abin da aka san shi da shi. Wani tufafi yake zanawa, wani dawakai, wani ba ya taɓa komai sai gajimare da itatuwa. Lenaert kawuna da hannuwa ne nasa. Ba ya riƙe buroshi sai ta kama dole. Aikinsa a takarda yake, da baƙin alli da ja, da ɗan fari da yake ɗigawa a ƙarshe a kan karan hanci ko a gefen ido. In ya gama, Maigida ya kafe takardar kusa da babban hoton, ya kwashe fuskar ya mayar da ita fenti, mutane su zo su yi ta yabon Huybrecht. Wannan bai taɓa damun Lenaert ba. Abin da ke damunsa shi ne fuskar da ta ƙi fitowa.

Yana da wa guda, Goris, ɗan dako a bakin kogin Schelde, ƙato mai faɗin kafaɗa da yawan dariya. Shi ya riƙe Lenaert tun da ruwa ya ci ubansu, shi kuma ya kama hannunsa ya kai shi koyon zane, don ya ga ƙirjin yaron ba na ɗaukar buhu ba ne. Tun da mutanen arewacin ƙasar, da ake gaba da su, suka tare bakin kogi manyan jirage suka daina shigowa, dako ya yi sauƙi, sai Goris ya riƙa zuwa shago yana tsayawa ana zana shi.

"Yau kuma me zan zama?" zai ce yana cire riga.

"Soja."

"Jiya makiyayi, shekaranjiya mai haƙa kabari. Yaushe za a naɗa ni sarki?"

"Juya baya, Yaya. Ɗaga hannun dama. Kada ka motsa."

"Baya dai, kullum baya! Duk cocin da na shiga a garin nan sai na gaisa da ƙeyata. Wai fuskata me ta yi muku?"

"Dariya ta yi mata yawa. Ba ta tsayawa wuri ɗaya."

Lenaert bai yi aure ba. Kowace Lahadi a gidan Goris yake cin abinci, wani ɗan gida mai ɗaki biyu a lungun masu gyaran ganga. Matar Goris, Tanneke, 'yar ƙarama ce mai kaifin harshe, wanki take yi wa gidajen attajirai. Tun zuwanta gidan ba ta taɓa kiran ƙanen mijinta da sunansa ba, Mai Alli take ce masa. Za ta ajiye masa romon kabeji da baƙin burodi ta ce, "Ci, Mai Alli. Ka wanke hannun nan tukuna, kada ka zana min soja a jikin kwano." 'Yarsu ɗaya, Barbel, tana aure a garin Lier.

A shekarar da abin ya faru, dattawan birni suka ba Huybrecht aikin wani babban hoto da za a rataya a zauren shari'a, daidai inda mai ba da shaida zai ɗaga kai ya gani. Ga alƙali a kujera, ga wata mata da mijinta ya mutu ana neman ƙwace mata gida, ga mutumin da aka saya ya yi shaidar zur a kanta, ya ɗaga hannu yana rantsuwa. An gama alƙali, an gama matar, har ɗan karen da ke kwance gindin kujera an gama. Wurin kan mai shaidar ne kaɗai ya rage fayau, kamar an sare shi.

Lenaert ya kawo kawuna sun fi a ƙirga. Huybrecht tsoho ne mai tumbi da ciwon ƙafa. Yana zaune ya ɗora ƙafar a kan wata kujera, ya riƙa jefar da takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ɓarawon kaji ne. Wannan ko jariri ya gan shi sai ya tsala ihu. Kai Lenaert, wane alƙali ne zai saurari mai irin wannan ido? Ka taɓa ganin an sayi mai fuskar mugunta ya yi shaida? Mutumin kirki ake saye, wanda in ya ce maka rana ta faɗi da hantsi za ka tashi ka kunna fitila. Shi nake so. Kuma ina so in ga ƙaryar a jikinsa ba tare da ka nuna min ita da yatsa ba."

"Maigida, abin da aka ɓoye ta yaya za a gan shi?"

"Da na sani da ban ajiye ka ba."

Lenaert ya shiga yawo da allonsa na zane. Ya zauna a zauren shari'a, ya tsaya a kasuwar dawakai inda ake rantsuwa a kan haƙoran tsohon doki, ya leƙa wurin 'yan caca. Abin da ya gano shi ne, waɗanda ƙarya ta zame musu sana'a ba su da abin zanawa. Fuskarsu sumul take kamar ƙwai. Waɗanda kuma ba su iya ba, sai su yi ta sosa wuya suna kallon ƙasa, abin ya zama wasan yara. Kaka ta shigo, bai samu komai ba.

Tun ƙarshen zafi Tanneke ta fara rama. Wani ciwo ya kama ta a ƙarƙashin haƙarƙari, idonta ya soma yin rawaya, har ta ajiye wanki. Ranar da aka kira likita Lenaert yana gidan, zaune a bakin taga da allo a kan gwiwa. Ba ya zama ba allo, har mutanen gidan sun daina lura. Likita ya duba ta ya latsa cikin, ya yi 'yan tambayoyi, Goris ya raka shi waje. Ta taga Lenaert ya ga likitan ya dafa hannun wansa yana magana a hankali, ya ga Goris ya cire hula ya sake sawa. Sun daɗe a tsaye kafin ya shigo.

"To, me ya ce?" in ji Tanneke daga kan gado.

"Hanta ce ta ɗan kumbura. Ki sha magani, ki huta. Ya ce kafin itatuwa su yi toho kin miƙe kina zagina."

"Ka daɗe a waje."

"Surutu ne da shi. Har labarin surukarsa ya ba ni."

"Rantse."

"Haba Tanneke."

"Rantse mana, ƙaton banza."

Goris ya ɗaga hannun dama. "Na rantse."

Hasken taga yana kan rabin fuskarsa. Bakin yana murmushi, irin murmushin da ya saba yi mata, sai dai gefe guda ya fi ɗaya ɗagawa kamar ana jan sa da zare. Idanun ba su gudu ba, suna kanta, amma sun buɗe fiye da yadda suka saba, kamar na mutumin da ya danne ƙofa da kafaɗa kada iska ta turo ta. Wata jijiya ta miƙe a wuyansa. A hannun da ya ɗaga, yatsu huɗu sun tsaya cak, ƙaramin ya ware gefe.

Hannun Lenaert ya riga shi. Bai fara da zagayen kai ba kamar yadda aka koya masa. Inuwar ƙarƙashin ido ya fara sawa, ya murza ta da babban yatsa. Ya ja layin muƙamuƙi da ƙarfi har bakin allin ya ɓare. Ya shafa ja a kunne da gefen hanci, ya bar rabin bakin da ke cikin duhu bai ƙarasa ba, layi biyu kawai marasa nauyi, don bakin da kansa bai gama yanke shawarar abin da zai yi ba. Ya ɗiga fari a ido ɗaya, ya bar ɗayan a dushe. Kafin Goris ya sauke hannu ya juya yana gyara wuta, an gama. Daga baya Lenaert ya sha gaya wa kansa cewa bai yi niyya ba, kuma gaskiya ne. Amma ya san yayin da yake zanen babu tausayi a ransa ko kaɗan. Murna ce ta cika shi, irin ta maharbin da ya daɗe a kwance naman ya fito.

"Me kake ta kartawa haka, Mai Alli?" Tanneke ta ce. Muryarta ta saki, ta koma irin ta da.

Ya kifa takardar. "Tulun nan ne."

"Allah ya ba ka aikin yi."

Da zai tafi Goris ya raka shi har bakin lungu. Can ya jingina da bango ya ce, "Ba za ta wuce toho ba. Abin ya riga ya ci cikin." Ya share hanci da bayan hannu. "Kada ta ji. Ko Barbel ban gaya wa ba. Ciki ne da ita, ka sani."

"Ba za ta ji daga bakina ba, Yaya."

Takardar ta yi kwanaki a ƙasan akwatinsa. Yana ciro ta ya duba ya mayar. Ran nan dai ya haɗa ta da waɗansu ya kai shago, yana ce wa kansa nunawa kawai zai yi. Huybrecht ya jefar da ta farko, ya jefar da ta biyu. Da ya zo kanta bai jefar ba. Ya sauke ƙafar mai ciwo ƙasa bai ko yi tsaki ba, ya ɗingisa zuwa taga ya ɗaga ta a haske.

"Ina ka samo wannan?"

"Wana ne."

"Na ga wanka ne. Abin da ke cikin fuskar nake tambaya."

Tsohon ya dubi Lenaert, ya sake duban takardar, bai ƙara tambaya ba.

"Zan canza kamannin, Maigida. Yadda ba wanda zai gane shi."

"Gwada."

Ya gwada. Ya ƙara hanci, abin ya mutu. Ya sa gemu, bakin ya ɓace. Ya matse goshi, sai ga ɓarawon kaji ya dawo. Ashe abin ba a ido yake ba, ba a baki ba, yana cikin yadda wannan ido da wannan baki suka ƙi yarda da juna a kan ƙashin fuskar Goris, wadda kowa ya gani zai ba shi ajiyar gidansa. Huybrecht ya tattara sababbin ya ajiye gefe, ya kafe ta farkon a jikin hoton.

"Ko gashin gira ba za a taɓa ba," ya ce.

Takardar tana nan a kafe, Lenaert yana wuce ta safe da yamma. Hannu kawai zai miƙa ya yage ta. Bai miƙa ba. Tun da yake bai taɓa yin abu mai kyanta ba, kuma yana so ya gan ta a bango.

Sanyin shekarar ya yi tsanani, har bakin kogi ya daskare. Tanneke kuwa ta riƙe maganar mijinta da hannu biyu. In ciwon ya taso ta ce hantar ce take faɗa da magani. In ya lafa ta zauna a gado tana ɗinka 'yan riguna na jikan da ke tafe. Ta sa Goris ya nemo mata irin wake da za ta shuka a bayan gida, ta ce in ta miƙe za a shafe ɗakin da farar ƙasa, kuma ita za ta karɓi haihuwar Barbel, ba wata tsohuwar Lier mai datti a farce ba. Goris yana ta cewa to. Kowace Lahadi Lenaert yana zuwa da niyyar ya ja wansa gefe ya gaya masa. Kowace Lahadi sai ya ci romonsa, ya sha tsiyar Tanneke, ya koma gida.

Aka rataya hoton da sanyi ya fara raguwa. Gari ya ɗauka. Alƙali da matar ba wanda ya kula su, kowa gaban mai shaidar yake tsayawa. Lahadin da ta biyo, Lenaert yana shiga Goris ya cafke wuyansa yana ƙyaƙyata dariya.

"Kai ɗan banza! Ashe ka sa ni a zauren shari'a ba ka faɗa ba? Tun jiya 'yan dako suke min tsiya, wai nawa aka biya ni. Tanneke, kin ji? Fuska fa, ba ƙeya ba! Shekara da shekaru ina roƙo, da ya tashi ba ni sai ya ba ni ta munafuki."

"Ka je ka gani?" Lenaert ya tambaya.

"Ina na ga lokaci? Gobe za mu je, da ita."

"Yaya, da sauran sanyi. Kuma wurin cike yake da mutane."

"Kai rufe mana baki," in ji Tanneke. "Mijina a bangon alƙalai, ka ce kada in gani? Ko a bayansa ne sai ya goya ni."

Washegari Goris ya aro amalanke, ya shimfiɗa bargo, ya tura ta har ƙofar zauren. Lenaert yana biye. Ranar ba zaman shari'a, 'yan kallo ne kawai jefi-jefi. Goris ya rungumo ta ya shigar da ita, ya zaunar da ita a benci, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon bango.

"Dubi shege! Har kunnena da ya tsage. Wannan ai ko ni sai in yarda da shi." Ya yi dariya, don mutum ba ya sanin fuskarsa. Bai ga komai ba sai kamanni.

Tanneke ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallo, hannuwanta a kan cinya. Can ta ce, "Goris, na bar mayafina a amalanke. Ɗauko min, kada a sace."

Da ya fita ba ta juyo ba. Idonta yana kan hoton ta ce, "Ranar da likita ya zo ce."

Lenaert ya dubi ƙofar da Goris ya fita.

"Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan. Sau ɗaya na taɓa ganin wannan fuskar. Na gan ta a ranar, sai na kau da kai, don ba na so in gani. Na ce hasken taga ne. Kai kuma ka zo ka rataya min ita a bango, ƙatuwa, yadda ba inda zan kau da kai." Ta ja numfashi. "Zan ga jikan?"

"Tanneke..."

"Shi ke nan, na ji." Sai a lokacin ta dube shi. Ba fushi a idonta, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi. "Ka iya aikinka, Lenaert."

Goris ya dawo da mayafin ya lulluɓa mata, yana tambaya ko ta ga yadda aka yi masa hanci. Ta ce ta gani, an rage masa ma. Ta ce ta gaji, a mayar da ita gida.

Ba ta ce wa mijinta komai ba a ranar. Amma ta daina maganar wake. Ta aika a kira Barbel. Ta kira maƙwabciya ta ba ta baho da sandunan wanki, ta ware tufafinta kashi-kashi. Goris ba wawa ba ne. Ya tambaye ta, ta gaya masa.

Da rana tsaka ya zo shago. Ma'aikata suka gan shi suka fara murmushi za su yi tsiya, suka dubi fuskarsa suka koma kan aikinsu. Ya tsaya a gaban teburin ƙanensa. Bai ɗaga murya ba.

"Ni na kawo ka nan."

"Yaya, na rantse da Allah ban yi nufin..."

"Kada ka rantse. Rantsuwa ta ishe mu." Ya dafa teburin da hannu biyu. "Ba ni da abin kai ta wurin manyan likitoci. Ba ni da gida mai ɗumi. Abu ɗaya na samu na ba ta, shi ne ta kwanta tana jiran toho. Ƙarya ɗaya ke nan da na taɓa yi mata a duniya, kuma ban taɓa yi mata abin da ya fi ta ba. Kana zaune a ɗakina, kana cin abincinta, ka ɗauke."

"Zan roƙi a canza shi."

"A canza me? Ta riga ta gani." Ya ɗauke hannuwansa daga teburin. "Yanzu ita ke lallashina. Tana mutuwa, tana ce min kada in damu. Ka gane abin da ka yi? Kada ka zo ranar Lahadi."

Lenaert bai je ba. Bayan 'yan makonni wata maƙwabciya ta same shi a hanya ta ce Tanneke ta ce ya zo, tana son ganinsa. Ya ce gobe. Goben ya tafi har bakin lungun masu gyaran ganga, ya hango Goris zaune a ƙofar gida ya haɗa kai da gwiwa, sai ƙafarsa ta ƙi. Ya juya, yana cewa zai dawo in wansa ya fita dako. Kafin ya sake yin ƙarfin hali, ƙararrawar cocin unguwar ta buga tana sanar da rasuwarta. A wurin binnewa ya tsaya can baya tare da baƙi. Abin da ta so ta gaya masa, bai taɓa sani ba.

Sunan ya bi Goris. Da fari abokai ne ke kiransa Shaidar Zur da wasa, suka daina da suka ga ba ya dariya. Sai baƙi suka ɗauka, waɗanda ba su san shi ba sai a bango. Wani attajiri ya zo ɗaukar 'yan dako, ya dube shi ya ce kamar ya san fuskar nan, ya ba wani kayansa. Yara suna ɗaga masa hannu a titi suna cewa sun rantse. Da kaka ta zagayo ya sayar da ɗan abin da ke gidan ya koma Lier wurin 'yarsa, bai yi sallama ba.

Lenaert kuwa, kan nan da ya zana shi ya fito da sunansa. Huybrecht da kansa ya riƙa faɗa wa masu tambaya wanda ya zana. Masu sassaƙa hoto a tagulla suka kwafe shi suka buga, aka riƙa sayarwa har biranen Brussel da Gent, masu koyon zane suna zama a gabansa suna ƙoƙarin gane yadda aka yi bakin nan. Lenaert ya je wurin dattawan birni ya roƙa a bar shi ya sake kan, suka dube shi kamar mahaukaci. Bayan mutuwar Huybrecht ya buɗe shagon kansa, aiki ya yi masa yawa. Yana yi da kyau, ba wanda ya taɓa kushewa. Sai dai ya koma ɗaukar baƙi daga titi yana biyansu su zauna, kuma in mutum ya fara ba shi labarin gidansu sai ya ce ya yi shiru, motsin baki yana ɓata aiki.

Sai da furfura ta cika masa kai sannan ya shiga jirgin ruwa zuwa Lier. Barbel ta karɓe shi ba yabo ba fallasa, ta nuna masa bayan gida. Goris yana zaune a kan kututture yana saƙa kwando. Ya rankwafa, kafaɗun sun zube. Wata yarinya mai kaifin ido, 'yar Barbel, tana gefensa tana ɓare albasa, ya ce mata ta gaida kakanta ƙarami, ta gaishe shi ta shige ciki.

"Ka tsufa," in ji Goris.

"Kai ma, Yaya."

"Ni ai da dalili, na ɗauki kaya. Kai me ka ɗauka?"

Aka kawo kifi mai gishiri da burodi da giya. Suka ci. Goris ya tambayi mutanen bakin kogi, wa ya mutu, wa ya rage, ko jirage sun fara dawowa. Lenaert yana amsawa. Can Goris ya ce, "Hoton yana nan?"

"Yana nan."

"Masu shaida suna jin tsoron ƙarya in sun gan shi?"

"Suna yin abinsu."

Goris ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ce dariyar da Lenaert ya sani tun yana yaro. Ya ajiye kofin.

"Yaya, na zo ne in ce..."

"Bari. Na san abin da ka zo faɗa." Goris ya ɗauki kwandonsa ya ci gaba da saƙa. "Na daina jin haushinka tuntuni. Ba wai na yafe ba ne, ban san ko na yafe ba. Gajiya na yi. Tanneke ma ta ce in bar ka, ta ce haka aka halicce ka. Amma ka ga, tun da ka zauna nan na kasa sakin jiki. Ko yanzu da na yi dariya, sai da na ce a raina, ga shi can yana dubawa."

"Ban zo da alli ba."

"Na gani. Ai ba allin ba ne."

Suka zauna har rana ta karkata, maganar ta koma kan farashin kifi da ciwon gwiwa. Barbel ta ce ya kwana, ya ce akwai aiki yana jiransa. Goris ya raka shi har ƙofar gida, ya ce ƙafarsa ba za ta kai bakin ruwa ba. Ya dafa kafaɗarsa sau ɗaya, ya ce ya sauka lafiya.

Lenaert ya yi niyyar komawa da zarar zafi ya shigo, sai aiki ya riƙe shi, ya ɗaga zuwa kaka. Cikin sanyin shekarar Goris ya rasu. Saƙon ya iso a makare saboda ƙanƙara ta tare hanya, ko da ya isa Lier an riga an binne shi. Barbel ta raka shi ya ga kabarin, ta ba shi abinci, ta tambaye shi ko yana da wani zanen uwarta da za ta nuna wa yarinyar. Ya yi tunani ya ce babu. Shekara da shekaru yana cin abinci a teburinta da allo a gwiwarsa, bai taɓa zana ta ba.